Ranar da Raliya Ta Ce Maradun

Tun da suka baro Birnin Tudu suka kama haya a Talata Mafara, Raliya ba ta ƙara sanin yadda ake zama jiki a sake ba. Ba ciwo ba ne da za ta nuna da yatsa. Kafaɗunta ne kullum a ɗaure kamar ta wuni ɗauke da tulu, kanta na sarawa daga ƙeya, in babur ya wuce bayan katanga da gudu sai gabanta ya yanke ya faɗi, matsamin da ke hannunta ya kama rawa. A ƙauyensu, ƙarar babura da yawa lokaci guda ma'anarta ɗaya ce: kowa ya kama daji. A nan kuwa 'yan kabu-kabu ne ke neman abincinsu, amma jikinta ya ƙi yarda da wannan bambanci.

Mijinta Mujahid ya bar noma ya koma fatauci. Yana bin kasuwannin ƙauye yana sayen shinkafa da albasa, ya sayar wa masu manyan motoci. Ita kuma tana suyar ƙuli-ƙuli da matsar man gyaɗa a tsakar gida. An yi mata rubutu ta sha, an yi hayaƙi, abin na nan. Maƙwabciyarta Taiba, matar Bawa direba, ita ce ta gaji da ganinta tana ramewa, ta shigo wata safiya ta ce ta ɗauki hijabi su tafi asibiti.

An auna ta, ba a sami zazzaɓi ba, sai ɗan hawan jini. Likita ya tura ta wani ɗaki a ƙarshen baranda, wurin Sista Rebecca, wata 'yar Zuru da ta daɗe a Mafara har Hausarta ta koma ta garin. Bayan sun gaisa, sun tambayi gida da yara da gajiya, Sista ta ɗauko wani abu mai kama da abin maƙale wanki a igiya, ta matsa shi a yatsan Raliya. Waya ce ta haɗa shi da wani ɗan allo mai haske. Nan da nan wani zare ya fara gudu a kan allon, yana tsalle yana karyewa, ga kuma jar fitila a gefe.

"Wanga zare zuciyarki ce," in ji Sista. "Kin ga yadda take gudu? Kamar ana korarta."

Raliya ta tsorata. "Ciwon zuciya gare ni?"

"A'a. Zuciyarki lahiya lau take. Tsoro ne ya zauna miki a jiki, ya ƙi tashi. Yanzu ki duba allon, kar ki dube ni. Ja numfashi ta hanci a hankali, ki cika ciki, ba ƙirji ba. Yawwa. Sake shi sannu, kamar kina hura kunu mai zafi kuma ba ki so ya zube."

Da farko ba abin da ya canza. Raliya ta ji kunya, babbar mace da ita ana koya mata numfashi. Amma Sista ba ta yi gaggawa ba, ta ce ta saki haƙoranta da ta datse, ta sauke kafaɗa, ta ci gaba. Can sai zaren ya fara lanƙwasa, yana hawa yana sauka a tsanake kamar kunyoyin gona. Jar fitilar ta mutu, koriya ta kama.

"Ke kika yi wannan," in ji Sista. "Ban ba ki ƙwaya ba, ban yi miki allura ba."

Raliya ta zura wa koriyar fitilar ido, hawaye suka zubo mata ba ta san dalili ba.

Da ta zo sau biyu ko uku, Sista ta ara mata ƙaramar irin na'urar, wadda ba ta da allo, sai fitilar kawai. Ta ce ta riƙa sa ta in ta sami sarari, ta lura da abin da ke kunna jar, ta kuma koyi kashe ta da kanta, har ranar da ba za ta ƙara buƙatar na'urar ba.

Haka kuwa aka yi. In ta sauke kaskon suya da hantsi, sai ta zauna gindin darbejiya ta maƙala abin a yatsa. Ta gano abubuwa game da kanta da ba ta sani ba. Ƙarar wayar Mujahid na kunna jar. Kukan jaki ba ya kunna ta, amma in kare ya yi haushi sai ta kama. Babur ɗaya ya daina damunta, biyu a jere kuwa har yanzu. Ciwon kan ya ragu. Ta koma cin tuwo har da ƙari. Taiba na yi mata tsiya, wai ta samo kishiyar carbi.

Cikin masu shigowa gidan akwai Inna Lantana dillaliya. Tsohuwa ce siririya mai fara'a, 'yar Dosara, ita ma rikici ne ya koro ta. Tana yawo gida gida da ƙunshin atamfa da turaren wuta da kwanonin da mata ke son sayarwa a ɓoye. Ba gidan da ba ta shiga a unguwar, ba kuma wanda ba a shimfiɗa mata tabarma. Ta iya hira. Ta san wadda ta haihu, da wanda ya sayi fili, da wanda ɗansa ya aiko daga Legas.

Wata rana ta yi sallama Raliya na zaune da na'urar a yatsa, fitilar koriya shar. Kafin tsohuwar ta gama sauke ƙunshinta, fitilar ta koma ja.

Raliya ta ɗauka firgitar sallama ce. Amma da abin ya sake faruwa a zuwa na gaba, da na bayansa, sai ta fara lura. Taiba kan faɗo gidan ba ko sallama, fitilar ba ta motsi. Mai gidan haya ma, da duk faɗansa, ba ya kunna ta haka. Sai Inna Lantana, mai dariya da sa albarka.

Raliya ta zauna ta bi hirarrakinsu ɗaya bayan ɗaya a ranta. A nan ta ga abin da kunnenta ya daɗe yana ji ita ba ta kula ba. Duk hirar Inna Lantana da tambaya take ƙarewa. Maigidan ya fita? Wace kasuwa yau? An ce albasa ta yi tsada bana, lalle ya ji daɗi. Shi kaɗai yake tafiya ko da abokai? Kuma ba ta taɓa tambayar abu biyu a rana ɗaya ba.

Kowa a yankin ya san maganar da ake yi ƙasa ƙasa, cewa mutanen daji ba sa tare hanya da ka. Akwai masu kai musu labari daga cikin gari, kuma ba a gane su a fuska.

Da ta koma asibiti ta gaya wa Sista Rebecca, ba ta ambaci suna ba. Sista ta tashi ta tura ƙofa.

"Raliya, abin ga bai san mutane ba. Bai san mugu ba, bai san na kirki ba. Zuciyarki kawai yake ji. Wata mata da ke zuwa nan, warin fetur ke kunna mata jar. Kina iya jin tsoron mutum don muryarsa ta yi kama da ta wani."

"To ƙarya yake yi ke nan?"

"Ba ya ƙarya. Amma dalilin, ke za ki nemo shi. Kuma ki yi hankali da bakinki. Kin san garin ga yanzu. Kalma ɗaya ta isa a kashe mutum."

Raliya ta dawo gida da nauyin da ya fi wanda ta tafi da shi. Ba ta gaya wa Mujahid ba. Me za ta ce? Fitila ta yi ja?

Ranar da abin ya faru, Mujahid ya fita tun da sassafe zuwa kasuwar Damri. Ya sayar da kaya masu yawa a makon, kuma da kuɗin a jikinsa ya tafi, don masu albasa ba sa karɓar komai sai tsaba. Rana ta take, Raliya na tsaye kan kasko, sai ga sallamar Inna Lantana.

Suka gaisa doguwar gaisuwa. Tsohuwar ta kwance ƙunshi ta baza wasu atamfofi, ta ɗauki ƙuli ɗaya ta gutsura ta yaba. Na'urar na ɗaki cikin kwalla, amma Raliya ba ta buƙace ta ba. Ta riga ta san alamun: tafin hannu ya jiƙe, wuya ya bushe, wani abu na bugawa a bayan kunne.

"Gidan shiru yau, ɗiyata. Maigidan ya tahi kasuwa?"

Raliya ta juya ƙulin da ke cikin mai. Ta ja numfashi ta hanci har cikinta ya cika, ta sake shi sannu a kan hayaƙin kaskon. Ta sauke kafaɗunta. Ta sake ja. Da ta buɗe baki, muryarta ta fito sumul, ita kanta sai da ta yi mamaki.

"Ya tahi Maradun, Inna."

"Maradun! Mi ya kai shi can?"

"Wani ya yi mishi maganar shinkafa."

"Allah shi ba da sa'a. Kwana zai yi?"

Tambaya ta biyu ke nan a rana ɗaya. Raliya ta tsame ƙulin ta zuba a kwando.

"A'a. Bayan la'asar yana hanya."

Inna Lantana ta ƙara ɗan zama, ta ba da labarin wani suna da za a yi a bayan tasha, sannan ta ɗaure kayanta ta sa albarka ta fita. Ba ta nuna gaggawa ba ko kaɗan.

Sai da takunta ya ɓace Raliya ta zauna a kan turmi. Ta kira wayar Mujahid, ba ta shiga, dama can wajen Damri sai an hau tudu ake samun sabis. Ta ce a ranta, in tsohuwar nan ba ta da laifi, to ƙarya ce kawai na yi, Allah Ya yafe mini. Ta shiga ɗaki ta ɗauko na'urar. Ta daɗe tana fama kafin koriyar ta kama, kuma da ta kama ba ta zauna ba.

Mujahid ya dawo kafin la'asar, lafiya lau, da ƙura a gira da tsarabar rake. Raliya ta kawo masa ruwa, ta tsaya tana kallonsa yana sha har ya tambaye ta ko lafiya. Ta ce lafiya. Ta ji wani sanyi na ratsa ta, har ta fara yi wa kanta dariya a zuci.

Rana ta yi gora, tana tankaɗe, sai ta ji ihu daga gidan Taiba.

Ta fita ko takalmi babu. Mata sun cika tsakar gidan, Taiba na birgima a ƙasa. An tare hanyar Maradun bayan la'asar. Motar Bawa ce ta faɗa hannun mutanen daji, tana dawowa da fasinja. Sun kwashe mazan sun shiga daji da su, har da Bawa. Matan suka bari.

Ɗaya daga cikin matan da aka bari 'yar unguwar ce. An zaunar da ita a kan tabarma, ana ba ta ruwa, tana maimaita abin da ta gani. Raliya ta kutsa har ta kai kusa da ita.

"Sun leƙa motar suna duba fuskoki," matar ke cewa. "Ɗaya na tambaya, ina mai shinkafar? Wane ne mai shinkafa cikinku? Bawa ya ce ba shi da mai shinkafa. Sai suka buge shi da gindin bindiga."

Wata ta ce ai kullum haka suke, duk motar da suka tare sai sun nemi ɗan kasuwa. Wata ta ce hanyar nan ko makon jiya an tare ta. Raliya ta dafa bango ta koma gida.

Ta sami Mujahid a tsaye a zaure zai fita wurin maza. Ta ce ya dakata. Ta gaya masa komai, tun daga fitilar har kalmar da ta faɗa a kan kasko. Ya saurara bai katse ta ba. Da ta gama ya dube ta.

"Wa kika gaya wa?"

"Ba kowa."

"To kar ki ƙara. Ko Taiba." Ya matso ya rage murya. "In kika faɗa, kafin gobe 'yan sa-kai sun ɗauke ta, kuma kin san ba a dawowa. In ba ita ba ce, jinin tsohuwa na wuyanmu. Rabin masu bin hanyar nan shinkafa suke saye, Raliya. In kuma ita ce, ba ita kaɗai ba ce, kuma za su san daga gidan da maganar ta fito."

"Malam, ni na ce Maradun."

"Ba ke kika tare hanya ba."

"Da na ce Gusau. Da na ce ban sani ba."

Ya gyara hularsa ya fita.

Washegari gidan Taiba ya cika da masu jaje. Raliya na zaune kusa da ita tana riƙe da 'yar autar Taiba, sai ta ji muryar da ta sani tana sallama daga ƙofa. Inna Lantana ta shigo ba ƙunshi, idonta jawur. Ta durƙusa gaban Taiba ta yi addu'a mai tsawo, Allah Ya kuɓutar da su, Allah Ya tona asirin azzalumai. Mata suka amsa da amin. Sannan ta ja jiki ta zauna a gefen Raliya, har gwiwarsu na taɓa juna.

"Na kwana da ke a raina, ɗiyata," ta ce a hankali. "Da na ji an ce hanyar Maradun, na ce shi ke nan, mijin yarinyar ga. Ashe Allah Ya tsare."

"Allah Ya tsare, Inna."

"An ce Damri aka gan shi."

Ta kama hannun Raliya ta riƙe, kamar yadda tsofaffi ke yi in suna lallashi. Yatsunta busassu, masu sanyi, suka kwanta daidai wuyan hannun, inda jijiya ke harbawa. Ko da gangan ne, ko haka hannun ya faɗa, Raliya ba ta sani ba. Abin da ta sani shi ne zuciyarta na dukan yatsun tsohuwar kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa.

Ta kafa idonta a kan kitson yarinyar da ke cinyarta. Ta ja iska a hankali yadda ba wanda zai ga ƙirjinta ya motsa. Ta sake ta sannu. Ta saki haƙoranta. Ba fitila, ba allo, amma ta ji bugun na sassautawa, yana ja da baya.

"Sai da ya isa tasha ya canza shawara," ta ce. "Ni ma sai da ya dawo na ji."

Inna Lantana ta ci gaba da riƙe hannun na ɗan lokaci. Sannan ta shafa shi ta saki.

"Maza ke nan," ta ce. "Ba su faɗa wa mace gaskiyar inda za su."

Bawa ya yi makonni a daji. Sai da danginsa suka sayar da motar da wata gonar gado kafin aka sako shi. Ya dawo ƙashi da fata, ƙafafunsa sun kumbura, ba ya son magana. Biyu daga cikin waɗanda aka kwashe tare da shi ba su dawo ba. Raliya ce ke dafa masa kunu tana aikawa kullum, har Taiba ta ce ba ta san da bakin da za ta gode mata ba. Duk sanda ta faɗi haka, Raliya kan nemi abin yi ta bar wurin.

Mujahid ya daina faɗin inda za shi, ko ga matarsa. Ya ce abin da ba ta sani ba, ba mai iya karanta shi a fuskarta. Ya fara maganar komawa Sakkwato in an sami ɗaki, amma ɗakin bai samu ba.

Raliya ta ci gaba da zuwa wurin Sista Rebecca. Sista ta ce jininta ya sauka, ta ce a cikin duk matan da ke zuwa ba wadda ta kai ta iya kwantar da zaren. Ta tambaye ta labarin mutumin nan da ta taɓa ambata. Raliya ta ce ai ba komai, ta gane kuskurenta ne. Tana faɗin haka abin na maƙale a yatsanta, zaren kuma bai ko girgiza ba. Sista ta dubi allon, ta dube ta, ba ta ƙara tambaya ba.

Inna Lantana ba ta daina zuwa ba. Raliya kan shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa, wani lokaci ta sayi turaren da ba ta buƙata. Tsohuwar ba ta ƙara tambayar Mujahid ba, ko sau ɗaya. Hirar duniya kawai suke yi. Wata ranar Laraba, tana ɗaure ƙunshinta, ta ce ta ji wai ƙanen Bawa da ke aiki a Abuja zai zo duba shi.

"Ban ji ba, Inna," in ji Raliya.

"To. Bari in leƙa in gaishe su."

Ta fita. Raliya na tsaye a tsakar gida da tabarmar a hannu, ta ji sallamarta ta bayan katanga, ta ji Taiba na amsawa da murna, tana cewa a kawo wa Inna kujera.